Gayyatar Otel Ɗin Kan Dutse

Mahaifina mai tsire ne. Shekara da shekaru tukubarsa tana bakin wani lungu a unguwar Karantina ta birnin Jidda, jikin bangon shagon wani dattijo ɗan Hijaz mai sayar da shinkafa da gahawa. Dattijon shi ne kafilin Baba, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, da sunansa ake sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, duk gidan. Larabawan Jidda ba sa cewa tsire, sire suke cewa, kuma da la'asar ta yi sai ka ga motocin mutanen da babu abin da ke kawo su unguwarmu in ba shi ba. A nan aka haife ni. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ina tuƙa ƙaramar motar kaya a wata masana'antar bulo da ke Madinar Masana'antu, wadda a lokacin rumfunan kwano ne kawai da fili. In na tashi aiki nakan biya tukuba in taya Baba jera tsinke.

A nan na fara ganin mutumin. Dogo ne, fari, ɗan Sham, da kwat da ɗaurin wuya a cikin zafin Jidda. Masu sayen tsire suna ja baya daga wuta, shi kuwa matsowa yake yi. Ba naman yake kallo ba, hannun Baba yake kallo: yadda yake fere tsoka ta yi faɗi kamar tafin hannu, yadda yake birkita ta a garin ƙuli-ƙuli, yadda yake kafa tsinkayen a kewayen wuta nesa da harshenta. Alhamis uku a jere yana zuwa. Ranar ta biyu ya roƙi a ƙara masa yaji a takarda daban, ya naɗe ya sa a aljihun kwat. Da ya tafi Baba ya ce da ni, “Wannan ba yunwa ke kawo shi ba.”

Ranar ta uku ya miƙo kati mai rubutun ruwan zinare. Baba karatun allo ya yi, rubutun inji yana ba shi wahala, don haka ni na karanta. Mutumin shi ne mudir, wato manajan wani sabon otel a kan duwatsu can gaba da Ta'if, a bakin tafkin wata madatsar ruwa. Yana gayyatar Baba cin abincin rana ranar Juma'a.

“Don me?” in ji Baba da Larabci.

“Don girmamawa, ya Haj. Na ci naka sau uku, kai ma ka zo ka ci namu.”

“Naka ka saya ka ci.”

Mudir ya yi dariya, ya ce mu zo mu biyu, za a aiko mota. Baba ya ce ba ya buƙatar mota, ɗansa direba ne.

A gida Inna ta juya katin gaba da baya, ta shinshina shi, ta ajiye a kan faifai kamar abin da zai iya cizo. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa jin an kira baƙin mutum daga Karantina an zaunar da shi a teburi haka kawai ba. Wani maƙwabcinmu tela ya ce wataƙila dabara ce ta masu binciken takardu. Wani ya ce a'a, filin tukubar ake so. Baba ya saurari kowa. Ni kuwa ina so mu je. Ban taɓa shiga otel ta ƙofar gaba ba, bulo nake kai musu ta baya tun ba a yi rufi ba. Kuma akwai abin da ke damuna wanda ba ma faɗa a gida: kafilin Baba ya tsufa ƙwarai, ya daina fitowa shago, 'ya'yansa kuma ko gaisuwarmu da ƙyar suke amsawa. Ran da ya faɗi, ban san hannun wa takardunmu za su koma ba.

Daren Alhamis Baba ya ce, “Za mu je. In ban je ba zai ci gaba da zuwa, gara in ji abin da yake so a gidansa.” Inna ta ɗaure mana gurasa da dafaffen ƙwai a tsumma, ta ce ko da abincin ba na ci ba ne. Ta kuma hana Baba ɗaukar ko ƙwayar yaji.

Na ari motar wani abokina muka tashi bayan sallar asuba. Hanyar hawan dutsen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe ban taɓa binta da Baba ba. Ya riƙe ƙofar mota da hannu biyu, yana salati duk kwana. Birai na zaune a kan katangar gefen titi suna kallonmu. Da muka kai sama iska ta sauya, na ga Baba ya ja numfashi mai tsawo bai yi tari ba, shi da hayaƙin tukuba ya riga ya ci masa ƙirji. Muka yi Juma'a a Ta'if, muka ƙara tafiya ta cikin gonakin rumman da inabi, sai ga otel ɗin, fari, hawa uku, yana kallon ruwa.

Ni ɗan Jidda ne, na saba da teku, amma ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka a kan dutse ba. Kore ne, a kwance shiru, da ƙananan jiragen ruwa masu fenti a ɗaure a baki. Baba ya tsaya ya dube shi ya ce, “Tare shi aka yi. Ran da ya ga dama zai tafi.”

Mai gadin ƙofa ya dubi takalmanmu kafin ya dubi fuskarmu, ya nuna mana hanyar baya. Na ciro katin. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya buɗe. Mudir ya fito da hannu biyu a buɗe, ya sumbaci kafaɗar Baba, abin da bai taɓa yi ba a Karantina. Na ga Baba ya ɗan ja baya.

Ɗakin cin abincin yana da tagogi daga ƙasa har sama, duk suna kallon tafki. Tebura da fararen ƙyallaye, kowane da fure a ƙaramin gilashi. 'Yan kasuwar Jidda da iyalansu masu gudun zafi suna can ɓangaren da aka kare da labule, maza kuma a nan tsakiya, ana magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Aka zaunar da mu a bakin taga, wurin da ya fi kowane kyau. Wannan ma bai yi wa Baba daɗi ba. Ya ce da ni da Hausa, “Sun sa mu inda kowa zai gan mu.” A gaban kowannenmu cokula masu yatsu uku, wuƙaƙe biyu, da cokali babba da ƙarami. Baba ya ɗauki wuƙa ɗaya ya gwada kaifinta a babban yatsa, ya ajiye.

Mudir ya zauna da mu, amma ana ta kiransa, yana tashi yana dawowa. Wanda ke kawo mana abinci wani baƙin mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da farar riga da jar ɗamara. Sufraji ake ce wa masu wannan aiki. Na ɗauka ɗan Sudan ne kamar sauran, kuma haka ne, Larabcinsa na Sudan ne tsantsa. Ya fara kawo miya fara mai kauri a faranti mai zurfi. Baba ya tambayi me ke ciki, aka ce naman kaza ne na cikin gwangwani da madara. Ya tambaya ko kaza ce, aka ce a'a, irin wanda ke tsirowa a ƙasa ne. Ya tura farantin gefe. Ni na shanye tawa, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi mini daɗi. Aka kawo kifi da man shanu da lemun tsami. Baba ya tambaya ko daga tafkin nan ne, mudir ya ce daga Jidda aka hawo da shi cikin ƙanƙara da safe. Baba ya ce, “Ashe tare muka zo.” Ya ci loma biyu da hannu, bayan ya wanke yatsunsa a ɗan kwanon ruwa mai yankan lemo da aka ajiye masa. Ni ina fama da cokali mai yatsu, ina satar kallon teburin kusa don in ga wanne suke ɗauka.

Da aka sake kiran mudir ya tashi, sufrajin nan ya sunkuyo yana kwashe farantai. Bai dube mu ba. Sai na ji Hausa, ƙasa-ƙasa, Hausa irin ta mutanenmu da suka daɗe a Sudan.

“Baffa, ku ci abincinku. Amma in aka kawo takarda kada ka sa hannu. Kada ka ba da iƙamarka ko don a duba.”

Ya ɗauki farantai ya wuce. Baba ko motsi bai yi ba, ya ci gaba da gutsurar burodi.

“Ka ji?” na ce.

“Na ji.”

“Ɗan'uwanmu ne.”

“Hausa yake ji,” in ji Baba. “Tun da muka zauna yake jin duk abin da muke faɗa bai nuna ba. Yi shiru.”

Daga nan ban ƙara jin ɗanɗanon komai sosai ba. Duk wanda ya wuce sai in bi shi da ido. Na fara lissafin nisan ƙofa da inda na ajiye mota.

Mudir ya dawo tare da wani mai ƙiba da doguwar farar hula, shugaban masu girki, ɗan Masar. A hannunsa faranti ne da murfin azurfa. Ya ajiye a gaban Baba ya ɗaga murfin. Tsinke huɗu ne na ƙarfe, an jera su a kan ganye, da yankan tumatir kamar fure. Tsire ne, ko kuma abin da suke so ya zama tsire. Tun daga ido na san sun yanka naman da kauri, gyaɗar kuma ba a matse mata mai ba, ta ƙone ta yi baƙi a gefe.

“Mun gwada sau da yawa,” in ji mudir. “Manyan baƙinmu 'yan Jidda ne, suna tambayar sire. Ɗanɗana ka faɗa mana gaskiya, ya Haj.”

Baba ya zare yanka ɗaya ya tauna a hankali. Mai girkin ya tsaya a kansa yana jira, har da ɗan littafi da fensir a aljihun gaba.

“Ma sha Allah,” in ji Baba. “Ya yi. Ba abin da ya rage.”

Na san ƙarya yake yi, mai girkin ma ya sani. Ya ce akwai wani abu mai ɗaci-ɗaci da ƙamshi a yajin da mudir ya kawo masa wanda ya kasa ganewa. Kimba yake nufi. Baba ya ce shi bai san sunan komai da Larabci ba, tsoho ne, abin da ya samu a kasuwa yake zubawa.

Mudir ya sallami mai girkin, ya gyara zama, ya zo kan magana. Ba girkin yake so a koya musu ba, in ji shi, Baba yake so gaba ɗaya. Za a gina masa tukuba ta dutse a lambu a bakin ruwa, a ɗinka masa fararen kaya, baƙi su riƙa zuwa suna kallo yana gasawa. Za a ba shi ɗaki biyu a bayan otel shi da iyali. Ni ma akwai aikin tuƙi. Abu ɗaya ne kawai: sai an mayar da kafalarmu sunan mai otel. Ya ce ya san kafilin Baba ba shi da lafiya.

“Wa ya faɗa maka?” in ji Baba.

“Jidda ƙarama ce, ya Haj.”

Ya ciro takarda daga aljihun ciki, an riga an buga ta da inji, da sunan Baba cikakke har da na kakansa. Baba bai taɓa faɗa masa sunansa ba. Ya ajiye alƙalami a kai, ya ce in Baba ya ba shi iƙamar yau, magatakardansu zai gama komai cikin mako guda.

Duk da abin da sufrajin ya faɗa, wallahi raina ya so. Na dubi tafkin, na tuna ɗakinmu na kwano da yadda Inna ke yayyafa ruwa a tabarma kafin a iya kwanciya. Na ce da Baba da Hausa, “Ko mu karɓi takardar mu je a duba mana?”

Baba ya ɗago kai. Ya tambayi mudir da Larabci, “In sanyi ya zo, baƙinku suna nan?”

“Suna raguwa.”

“Ma'aikata fa?”

“Mai gida yana da wasu ayyuka. Ba wanda ke zama banza.”

“Waɗanne ayyuka?”

Mudir ya ce gine-gine da gonaki, amma wannan bai shafi dattijo kamarsa ba. Baba ya ce a nuna masa inda aka rubuta haka a takardar. Mudir ya yi murmushi ya ce tsakanin mutanen kirki ba komai ake rubutawa ba.

Aka kawo kayan zaƙi, wani abu mai rawa a faranti kamar ƙwai da madara da ƙonannen sukari a kai. Baba ya cinye nasa tas, shi ne kaɗai abin da ya cinye a ranar. Ya sha gahawa, ya goge baki, ya ce, “Abincinku ya yi daɗi, Allah ya ƙara buɗi. Mutumin da ya riƙe ni shekarun nan yana kwance. Ba zan cire sunana daga hannunsa yana kwance ba. Halas, magana ta ƙare.” Mudir ya ce ya tafi da takardar ya yi tunani. Baba ya ce aljihunsa a huje yake. Ya miƙe ya ce mini, “Yalla, mu tafi.”

Mudir bai raka mu ƙofa ba. Sufrajin yana tsaye jikin bango da tire a hannu, Baba ya wuce ta gabansa bai ko dube shi ba.

A mota na kasa haƙuri. Na ce ai ko godiya ya kamata mu yi wa bawan Allahn nan. Baba ya ce, “Ka san shi? Ka san ubansa? Mutum ya sa aikinsa a haɗari don wasu da bai taɓa gani ba. Ko dai na Allah ne ƙwarai, ko kuma akwai abin da yake karewa.” Na ce to in bai yarda da shi ba me ya sa ya bi maganarsa. Ya ce shi ba maganar kowa ya bi ba, sunan kakansa da ya gani a takarda ya ishe shi. Muka sauko daga dutsen, zafi ya dawo, tarinsa ma ya dawo. Kwana biyu ban yi masa magana sosai ba. Ina ganin ya rufe mana ƙofa saboda zargi kawai.

Mudir bai sake zuwa ba. Bayan kamar wata biyu wani direban da ke kai kaya Ta'if ya ce mana an fara gasa sire a lambun otel ɗin, wani Bahaushen Sudan ne ke yi, da fararen kaya, baƙi na ɗaukarsa hoto. Da aka bincika, ƙanin sufrajin nan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na je tukuba na faɗa wa Baba, ina jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya ce in miƙo masa tsinke.

Cikin sanyin shekarar, wata la'asar, sai ga sufrajin a lungunmu, ba farar riga ba ɗamara, da tsohuwar jallabiya. Ya rame. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama. Ni na so in kore shi, Baba ya nuna masa benci.

“Ƙaninka yana lafiya?” in ji Baba.

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce an rufe otel tun da hazo ya sauka, an kwashe su duka an kai su wani aikin gini a kudu, ƙaninsa yana can yana ɗaukar siminti, takardunsu na ofis a kulle. Shi ya samu izinin kwana uku ne saboda ciwon ido, ya zo asibiti.

Na ce, “Kai ka ce kada mu sa hannu, don ka sa ƙaninka.”

“Haka ne,” ya ce. “Shekara biyu yana zaune ba aiki, ba takarda mai kyau. Na ce ko wannan ya fi babu. Amma abin da na faɗa wa Baffa ba ƙarya ba ne. Shi yana da inda yake. Mu ba mu da shi.”

Baba ya zaro tsinke uku daga bakin wuta, ya zuba a takarda da albasa ya miƙa masa. Ya ci yana share idon da ke ciwo. Da zai tafi Baba ya tambaye shi wa ya ba mudir sunansa da labarin kafilinsa. Ya rantse bai sani ba. Baba ya ce to, Allah ya sawwaƙe. Bayan ya ɓace a kwana ya ce mini, “Wannan ma ban tabbata ba.”

Ba mu taɓa gano wanda ya ba da sunan ba. Baba ya zargi tela, ya zargi ɗan kafilinsa na biyu, har wani mai kawo masa gawayi ya daina saya a wurinsa ba tare da ya faɗa masa dalili ba. Dattijon kafilin ya rasu shekara ta gaba. Abin da na ji tsoro bai zo yadda na zata ba: babbar 'yarsa, wadda ba mu taɓa ganin fuskarta ba, ta sa mijinta ya karɓi takardunmu, ta aiko cewa mahaifinta ya bar wasiyya a kanmu. Baba ya ci gaba da gashi a lungun nan shekara shida, har ƙirjin ya hana shi tsayuwa a gaban wuta, ya koma zama a benci yana yi mini faɗa a kan kaurin yanka.